Niƙaƙƙen Naman Talo-talo da Tukunyar Dare a Kaduna

Duk wanda ya san Kaduna ya san yadda titin Ahmadu Bello da na Ali Akilu suke cika maƙil da motoci tun daga ƙarfe huɗu na yamma. Cikin masu wannan gaggawa akwai mata da yawa, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na ofis, waɗanda ba za su isa gida a Kawo ko Malali ko Unguwar Dosa ba sai gab da magariba, su tarar yara sun zuba ido suna jiran abincin dare. Miyar da muka saba da ita, ta naman sa mai ƙashi da jijiya, takan ci awa guda ko fiye kafin naman ya yi laushi. A ganina lokaci ya yi da niƙaƙƙen nama, musamman na talo-talo, zai fito daga cikin samosar azumi ya shiga tukunyar yau da kullum. Amma fa da sharaɗi.

Bari mu fara da dalilin saurin dahuwarsa. Zafi yakan ratsa nama ne daga waje zuwa ciki, sannu a hankali, kuma idan kaurin tsoka ya ninka biyu, lokacin da zafin zai ɗauka kafin ya kai tsakiya yakan ninka kusan huɗu. Injin niƙa yana mayar da tsokar ƙanana kamar ƙwayar wake, ya kuma yayyanka jijiyoyin da ke sa nama tauri. Shi ya sa abin da ke cin awa guda yake nuna cikin minti goma sha biyar.

Akwai wata fa'ida da ta fi wannan a wurina. A gidajenmu, idan nama ya yi kaɗan, mun san inda tsoka take tafiya: kwanon maigida da na baƙo. Yara, waɗanda jikinsu ya fi bukatar sinadarin gina jiki, wato furotin, sai su ƙare da romo. Niƙaƙƙen nama kuwa ba ya zaɓen kwano. Rabin kilo idan ya watsu cikin dafa-duka, kowane cokali sai ya ɗauko rabonsa, kuma kowane giram 100 na ɗanyen naman talo-talo yana ɗauke da kimanin giram 20 na furotin.

Girkin kansa ba ya bukatar littafi. Uwargida ta duba abin da ke gida: albasa, attaruhu, tumatir, ɗan citta da tafarnuwa, daddawa, da taliya ko shinkafa. Ta ɗora tukunya mai faɗi, ta zuba man gyaɗa ya yi zafi sosai, sannan ta baza naman ta ƙyale shi ya ɗan soyu kafin ta juya. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, su jibga naman gaba ɗaya a ƙaramar tukunya, ya tsatso ruwa ya koma tafasa. Muddin akwai ruwa, zafin ba zai wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin suya ba sa fitowa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140, inda sinadaran furotin ke haɗuwa da na sukari. Wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, ko da yake masu tsire sun daɗe suna aiki da ita ba tare da sun ji sunansa ba. Naman ƙirjin talo-talo ba shi da kitse sosai, yana saurin bushewa, don haka kada a yi rowar albasa. Daga nan sai kayan miya, sai ruwa, sai taliya, a ƙarshe a watsa zogale ko alayyafo ko kabeji, duk wanda ya samu.

To, ga sharaɗin. Niƙan da ya kawo sauri shi ne ya kawo haɗari. Ɗanyen naman tsuntsaye yakan ɗauko ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter, masu sa gudawa da zazzaɓi da ciwon ciki. A dunƙulalliyar tsoka yawancinsu a bayanta suke, inda wuta ke fara ci. Inji kuwa yakan cuɗanya waje da ciki, ya raba ƙwayoyin ko'ina. Mai karatu zai ce ai mun gaji dambun nama kaka da kakanni, ba mu ji ya kwantar da kowa ba. Gaskiya ne, amma dambu sai an dafa ake daka shi, sannan a soya. Wannan kuwa ɗanye ake niƙawa. Ƙa'idar masana ita ce tsakiyar naman ya kai digiri 74. Launi ba shaida ba ne, domin nama yana iya canja kala bai kai haka ba. Wadda ba ta da ma'auni, ta farfasa naman sosai, ta bar shi ya tafasa cikin miya aƙalla minti goma. Wuƙa da faranti da hannun da suka taɓa ɗanyen naman, a wanke su da sabulu kafin su taɓa latas ko kokwamba.

Saura batun inda za a samo shi. Talo-talo baƙo ne a wurinmu. Asalinsa ƙasar Meziko, kuma Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16 kafin ya bazu duniya. Tun zamanin mulkin Obasanjo gwamnati ta hana shigo da daskararrun kaji da talo-talo daga waje, amma 'yan fasa-ƙwauri suka ci gaba da shigo da su ta kan iyakar Binin. Ni dai ba na ba da shawarar sayensu. Ba a san wanda ya yanka ba, ba a kuma san sau nawa suka narke suka sake daskarewa a hanya ba, ga shi ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da hayayyafarsu kawai take yi. Ya fi dacewa maƙwabta uku ko huɗu su yi watanda, kamar yadda ake yi da sa lokacin salla, su sayi mai rai, a yanka a gabansu, a raba. A guji watan Disamba, lokacin da bukin Kirsimeti ke ɗaga farashinsa. Idan ya gagara, naman kaza yana bin wannan hanya daidai.

Niƙan ma gara a yi shi a gida, da injin hannu ko wuƙa mai kaifi, maimakon injin kasuwa da ya wuni yana aiki ba a wanke ba. A niƙa na ranar kawai, musamman da yake wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Cikin zafin Maris da Afrilu ƙwayar cuta ɗaya tana iya zama biyu cikin minti ashirin, saboda haka ragowar abincin kada ta wuce awa guda a waje. In babu firiji mai sanyi, a dafa daidai cikin iyali.