Mu San Duniya: Fitilar Takarda ta Ƙasar Sin

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, wannan wata za mu leƙa ƙasar Sin.

Kowa ya san halin a-ci-bal-bal: iska kaɗan, sai duhu. Mutanen Sin sun samo dabara tun zamanin sarakunan Han, wajen shekara 2000 ke nan. Suna lanƙwasa tsinken gora kamar mai saƙar kwando, su lulluɓe shi da alharini, su sa wuta ciki. Iska ba ta kashe ta. Amma alharini sai mai hali. A shekara ta 105 wani bafade, Tsai Lun, ya kyautata yin takarda. Da takarda ta yi araha, talaka ma ya samu tasa fitila.

Daga baya abin ya zama biki. Ran 15 ga watan farko na shekararsu, wata ya cika, sai a rataya fitilu ko'ina, galibi jajaye, don ja alamar sa'a ce gare su. Zamanin sarakunan Song, daga 960 zuwa 1279, aka soma abin da ya fi burge ni: rubuta kacici-kacici jikin fitila. Mai wucewa ya tsaya ya karanta, in ya canka a ba shi tukuici. Har yau ana yi.