MAKALAR MAKO: Kun yi wa doki kwalliya, wa ya iya hawa?



A makon jiya wani ƙaninmu da ke zaune a Texas ya kawo tambaya. Ya samu katin zama, ya tara dala 1,500, yana son sayen bindigarsa ta farko ƙirar AR-15 don harbin bara a ƙarshen mako, to me ya kamata ya ƙara mata? Kafin la'asar an jibge masa shawarwari. Wannan ya ce madubi mai jawo nesa, wancan ya ce a canza kunama, wani ya ce hasken leza, wani ya ce ƙafafun girkewa, har da mai cewa a sake mata fenti launin ƙasa. Mun zauna mun haɗa kuɗin abin da aka lissafa masa, ya haura dala 3,000. A cikin masu amsar nan babu wanda ya tambaye shi ko ya taɓa harbi a rayuwarsa. Babu wanda ya tambaye shi inda zai ajiye ta, alhali duk mun san yana da yara biyu a gida.

Mu da muka ɗan jima muna zuwa filin harbi muna cewa wannan shawara cuta ce, ko da da kyakkyawar niyya aka bayar. Mu ma an taɓa yi mana irinta, kuma kowannenmu yana da kwali cike da tarkacen da ya saya da guminsa, ya ɗaura sau ɗaya, ya kwance.

Ku fara sanin dalilin da ya sa kasuwa ke tura ku wannan hanya. Haruffan AR daga sunan kamfanin ArmaLite suka fito, inda Eugene Stoner ya ƙera ta a shekarun 1950, aka sayar wa Colt da haƙƙin ƙirar a 1959. Da wa'adin haƙƙin mallakar ya ƙare a 1977, sannan dokar tarayya da ta taƙaita irin waɗannan bindigogi daga 1994 ta faɗi a 2004, sai kowane maƙeri ya shigo. Ƙungiyar masana'antun bindiga ta NSSF ce ta yayata sunan da ake kiranta da shi yanzu, wato bindigar wasanni ta zamani, kuma ta ƙiyasta cewa akwai sama da miliyan 20 a hannun jama'a. An yi ta ne gaɓa-gaɓa, kusan kowane sashe ana iya cirewa a sa wani. Bindiga sau ɗaya za ka saya, tarkacenta kuwa har abada ana iya sayar maka. Da yawa daga masu bidiyon YouTube da kuke kallo kyauta ake aiko musu da kayan, wasu kuma suna da la'ada a kan duk wanda ya saya ta hanyarsu. Dillali ba ya kushe hajarsa.

Abu na farko da sabon shiga ke bukata ba a kanti ake sayensa ba: sanin doka. Mu baƙi ne a ƙasar nan, kuskuren da ɗan ƙasa zai yi ya sha da tara, mu yana iya cinye mana takardun zama. Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga a dokar tarayya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, asali an hana shi, sai da wasu 'yan togaciya kamar lasisin farauta. Ƙarya a takardar 4473 da ake cikewa wurin dillali babban laifi ne. Saya wa wani da sunanka, ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, dokar 2022 ta sa masa hukuncin da zai iya kai shekara 15 a kurkuku. Kada kunya ta sa ka amsa irin wannan roƙo.

Kuma su kansu kayan ƙarin da ake ta yabawa, a cikinsu tarkon yake. Dokar tarayya ta 1934 ta ce bututun irin wannan bindiga kada ya gaza inci 16 sai da rajista ta musamman. Ka ga gajeren bututu a intanet ya ba ka sha'awa, ka ɗaura ba tare da rajista ba, ka sayi shari'ar da za ta iya kai shekara 10. A California da New York, mariƙi irin na ƙaramar bindiga ko gindi mai naɗewa ya isa ya mayar da halattacciyar bindiga haramtacciya, kuma gidan harsashi ba ya wuce cin guda 10. Illinois da jihar Washington sun hana sayar da irin waɗannan bindigogi a 2023. Abin da ɗan Houston ya ɗaura lafiya lau, ɗan Bronx ya ɗaura sai ya kwana a hannu. Duk wanda ya ba ka shawara bai tambayi jiharka ba, bai san abin da yake faɗa ba.

Sai maganar ita kanta bindigar. Tsakanin dala 600 zuwa 800 ana samun ta kirki daga tsofaffin kamfanoni irin su Ruger da Smith & Wesson, waɗanda idan an samu matsala akwai wanda zai ɗaga waya. Ga mai harbin takarda a yadi 50 ko 100, wannan ta fi ƙarfin ƙwarewarsa na tsawon shekaru. Kada kalmar nan ta "ma'aunin soja" da ake bugawa a kwali ta ruɗe ku. Ma'aunin soja shi ne mafi ƙarancin ingancin da gwamnati za ta karɓa, kuma babu hukumar da ke bin kantuna tana tantance masu iƙirarinsa. Abin dubawa kaɗan ne. Bututu ya kai inci 16. Ta zo da saitin ƙarfe gaba da baya, domin wasu ana sayar da su tsirara, sai ka ƙara kuɗi. Sannan ka karanta abin da aka hatimce a jikin bututun. Idan an rubuta 5.56 NATO, tana cin wannan harsashi tana kuma cin .223 Remington. Idan .223 kaɗai aka rubuta, kada ka sa mata 5.56, domin matsin wutarsa ya fi yawa. Mafi haɗari shi ne harsashin .300 Blackout: yana iya shiga bindigar 5.56, kuma idan aka ja kunama sai ta tarwatse a gaban fuskar mai ita. Sanin wannan bai ci ko sisi ba, ya kuma fi madubin dala 1,000 amfani.

Ga yadda da mu aka tambaya za mu raba kuɗin ƙanin namu. Bindiga, dala 650. Akwatin ƙarfe mai makulli da za a ɗaure da bango, 200. Abin kare kunne da tabarau, 60. Maratayi, 40. Gidajen harsashi uku, 40. Mai da kayan gogewa, 30. Ɗaurin tsayar da jini, 30. Darasin yini guda wurin malami mai shaida, 200. Harsashi 500, wajen 250. Kuɗi ya ƙare, dala 1,500 cif. Farashi yana hawa yana sauka, amma jerin ba ya canzawa. Ku lura babu madubi a ciki.

Mun sa akwati a gaba da komai da gangan. Tun daga 2020 alƙaluman hukumar CDC suka nuna harsashi ya zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar nan. Fiye da rabin mutuwar da bindiga ke jawowa a Amurka kuwa mutum ne ke kashe kansa da ita. Saman kabad ba ma'ajiya ba ce, ƙarƙashin katifa ma haka. Yaro ɗan shekara shida ya san kowane lungu na ɗakin ubansa fiye da uban. Gidajenmu kuma gidajen baƙi ne, yau suna, gobe buɗa-baki, yaran abokai suna ta shiga ɗakuna. A 2024 kotu a Michigan ta ɗaure James da Jennifer Crumbley shekara 10 zuwa 15 kowannensu, saboda ɗansu ya ɗauki bindigar da ba su killace ba ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar Oxford a 2021. Bindiga a kulle ba harsashi a ciki, harsashi a wani wurin daban shi ma a kulle, makulli a jikinka. Wanda ya ce ba shi da kuɗin akwati, to bai kai sayen bindiga ba tukuna.

Kunne kuma ba ya dawowa. Ƙarar wannan bindiga ta haura ma'aunin desibel 140, iyakar da harbi ɗaya tak ke iya lalata ji. A filin da ke cikin gini, a sa abin toshewa na ciki a ɗora na waje a kai. Wannan ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin bindiga wai don rage zillo, a bindigar da zillonta bai taka kara ya karya ba, babban aikinsa shi ne kurmantar da na kusa da kai. Sai dalma. Mu 'yan arewa ba ma bukatar a yi mana bayaninta bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubarta ta kashe yara wajen 400. Ƙurar dalma tana maƙalewa a hannu da riga da takalmi a filin harbi. Wanke hannu kafin ka ci komai, ka canza kaya kafin ka ɗauki jariri.

Me ya sa muka hana madubi a farko? Saboda sabon maharbi ba don rashin gani yake kuskure ba. Yana fizgar kunama, yana runtse ido kafin ƙara, bai san tsayuwa ba, bai san inda zai tsayar da numfashi ba. Madubi ba ya gyara ko ɗaya, sai dai ya girmama maka rawar hannunka. Harsashi 500 a gaban malami mai gyara maka su ne magani. Akwai shirin Project Appleseed da ke koyar da harbi kwana biyu a jihohi da dama kan kuɗi kaɗan, kuma yawancin masu zuwa da ƙaramar bindiga .22 suke koyo, wadda harsashinta ya fi araha nesa ba kusa ba. Akwai kuma darasin Stop the Bleed na tsayar da jini, sau da yawa kyauta. Bayan wata shida, idan ka ga saitin ƙarfe ne ya fara tauye ka, ka sayi saiti mai jan ɗigo na sanannen kamfani daga dillali tabbatacce, domin jabu sun cika intanet. A lokacin kai da kanka ka san abin da kake nema.

Mun san abin da za a ce. "Kuɗina ne." Gaskiya ne, kuma wanda ya ƙware ya ga dama ya yi wa tasa ado da azurfa, ba ruwanmu. Rigimarmu da ɗora wa sabon shiga sha'awarka a matsayin larura. Wasu za su ce gara a sayi mai tsada sau ɗaya a huta, araha ba ta ado. Mun yarda, a kan akwati da abin kare kunne da ɗaurin tsayar da jini. Amma wanda bai harba harsashi ɗari ba, ta ina zai san wane mai tsadar ne ya dace da shi? Sai ya sayi mai tsada sau uku. Akwai kuma 'yan uwan da ke ganin bai kamata ma Bahaushe a ƙasar mutane ya ajiye bindiga ba. Ra'ayinsu yana da nauyi, kuma ga wasu gidajen shi ne daidai: inda ake fama da rigimar aure, ko akwai mai ciwon damuwa, ko matashin da ya fara kauce hanya. A irin wannan gida, shawara mafi kyau ita ce a yi hayar bindiga a filin harbi a mayar musu da abinsu a dawo gida hannu sake.

Saura abu biyu da suka shafe mu musamman. Na ɗaya, hotunan nan da ake ɗauka da rigar sulke da ƙoƙon kai a manne a jikin bindiga ana watsawa a Facebook da TikTok. Baƙin mutum, Musulmi, baƙo, ya san yadda ake kallonsa a nan. Philando Castile yana da lasisin riƙe bindiga, ya kuma faɗa wa ɗan sanda da bakinsa, duk da haka aka harbe shi a motarsa a Minnesota a 2016. Hoton da ka ɗauka da wasa yana iya fitowa a gaban alƙali ko jami'in shige da fice. Na biyu, kada wani a gida ya roƙe ka madubi ko gidan harsashi ka cusa a akwati wai don tsaron ƙauye. Mun san zafin abin da ke faruwa a gida, a jikinmu yake. Amma fitar da waɗannan kaya daga Amurka sai da lasisi, kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 tana jiranka a ɗaya gefen. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Saboda haka daga yau, duk wanda ya kawo tambayar bindigar farko a zauren nan, kafin a ambaci sunan kowane kamfani a yi masa tambaya huɗu: wace jiha kake, wace takardar zama gare ka, su wa ke kwana a gidanka, kuma wa zai koya maka? Wanda ya amsa su, sauran mai sauƙi ne. Ƙanin namu kuma mun yi magana da shi, ya ce ranar Asabar zai fara zuwa duba akwati.

Wanda ke ganin mun yi kuskure ya kawo hujjarsa, amma ya fara da faɗa mana harsashi nawa ya harba a bana da inda tasa take kwana. Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.