Ƙuduri Mai Lamba 1973 da Abin da Aka Yi da Shi

Malam, ka rubuta cewa duk yaƙin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da shi halastacce ne. Ban yarda ba. Ƙudurin Kwamitin mai lamba 1973, na ranar 17 ga Maris 2011, izinin kare fararen hular Libiya ya bayar, babu inda ya ce a kifar da gwamnati. NATO ta fake da shi, ta yi wata bakwai tana luguden wuta har aka kashe shugaban Libiya, Gaddafi, a Sirte. Abin da ke ci mini rai, har Najeriya ta ɗaga hannun amincewa. Makaman rumbunan Libiya suka bazu, suka rura tawayen arewacin Mali a 2012. Wa Kwamitin ya tuhuma kan wannan?