Faransa: Sharuɗɗa da tsawon jiran da ke gaban mai son ɗauko iyalinsa daga Nijar

Ga ɗan Nijar da ke zaune a Faransa, ɗauko matar aure ko miji ya ƙara wuya tun bayan da aka dakatar da ba da biza a Yamai a watan Agustan 2023, sannan aka rufe ofishin jakadancin Faransa a watan Janairun 2024. Dokar haɗa iyali tana nan, amma hanyar ta ƙara nisa.

Doka ta buƙaci mai nema ya yi aƙalla wata 18 yana zaune bisa ƙa'ida, da takardar zama ta shekara guda ko fiye. Sai ya nuna kuɗin shiga na wata 12 da suka kai albashi mafi ƙanƙanta, wato SMIC, kuma ba a lissafa tallafin RSA ko kuɗin yara. Gida ma ana auna shi: murabba'in mita 22 zuwa 28 ga mata da miji, gwargwadon yanki.

Inda ƴan ƙasarmu suka fi tuntuɓe shi ne batun aure. Ɗaurin aure a masallaci kaɗai bai wadatar ba, sai da takardar aure ta hukuma. Dole wanda za a ɗauko ya kai shekara 18. Mai mata biyu kuwa ba zai iya kawo ta biyu ba matuƙar ta farko tana Faransa.

Ana ajiye takardu ne a hukumar OFII. Magajin gari yana da wata 2 ya binciki gida da kuɗin shiga, prefe kuma wata 6 ya yanke hukunci. Idan wa'adin ya cika shiru, a doka an ƙi ke nan. Sai dai ƙidayar ba ta farawa sai an tabbatar takardu sun cika, kuma a nan ne lokaci ya fi salwanta. Ga kuma biza, wadda yanzu matar da ke Maraɗi ko Damagaram sai ta nema a wata ƙasar, da kuɗin mota da na masauki.

Idan aka haɗa wata 18 da wata 6, shekara biyu ke nan kafin a zo maganar biza. A Disamban 2023 majalisar dokokin Faransa ta so mayar da wata 18 ɗin zuwa 24, amma kotun tsarin mulki ta soke wannan sashe ranar 25 ga Janairun 2024, bisa dalilin cewa an cusa shi a dokar da ba tasa ba. Tunda ba ainihin sharaɗin kotun ta haramta ba, ana iya dawo da shi a wata dokar.

Saboda haka wanda ya cika sharuɗɗa a yau, gara ya gyara takardar aurensa ya ajiye buƙatarsa tun dokar ba ta sauya ba.