Tikitin jirgi mai araha da sikelin Ikeja

Ana saura kwana biyar Babbar Sallar da ta wuce na raka Goggona filin jirgin sama na Ikeja, za ta tafi Kano. Ƙanwar Babanmu ce, ta haura shekara ashirin a Agege, kuma tun da take ba ta taɓa hawa jirgi ba sai wannan karon. Gwiwa ta matsa mata, ga hawan jini, shi ya sa Baba ya ce ba za ta kwana a cikin safa ba, a yankar mata tikiti. Akwai wani yaro mai shagon POS a layinmu, shi ke yi wa mutane wannan hidimar a waya ana ba shi na goro. Ya duba ya zaɓo wanda ya fi sauƙin kuɗi, muka yi ta sa masa albarka.

Da layi ya zo kanmu aka ɗora jakarta a sikeli, kilo 29. Matar da ke kan kanta ta ce tikitin nan kilo 15 kawai ya ɗauka, sauran 14 sai a biya kuɗin ekses. Na ce mata ni dai a sanina kilo 23 ake bayarwa. Ba ta yi musu da ni ba, ta ce in buɗo tikitin a wayata. Wallahi yana nan a rubuce, can ƙasa, da ƙananan haruffan Turanci. Ba ni, ba yaron POS, ba Baba, babu wanda ya karanta wurin.

Kuɗin da ke jikina bai wuce na kilo 6 ba. Haka muka ja gefe muka zazzage jakar dattijuwa a ƙasa mutane na wucewa: turamen atamfa da ta sayo a Balogun, goro, garin kwaki, takalman jikoki, da 'yar jarkar manja wadda ita ko da kuɗi ma suka ce ba za ta hau ba. Goggo ta ce, "Ɗan nan, in dai hannu rabbana zan shiga gida, gara ka mayar da ni Agege." Na ce, "Ki yi haƙuri Goggo, sauran zai biyo ki a mota." Har ta shige ciki ba ta ƙara cewa komai ba.

Tun daga ranar nake bin diddigin maganar nan, don na lura ba mu kaɗai ba ne. Duk wanda ya je MMA2 ko tsohon ɓangaren jiragen cikin gida dab da Sallah zai ga mutanenmu tsugune a gaban jakunkuna suna rage kaya. Mu mazauna Kurmi tafiyarmu da kaya take. Ma'aikacin banki da zai je taro Abuja ya dawo gobe 'yar jakar kwamfuta ta ishe shi. Wanda ya shekara bai ga gida ba kuwa, kowace ɗaka akwai mai jiran tsarabarsa, in zai dawo kuma a haɗo shi da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji da kilishi. Tikiti mai arahar nan don na farkon aka tsara shi, mu kuma muke rububinsa.

Ba a nan aka fara ba. A Turai kamfanoni irin su Ryanair da easyJet ne suka yi suna da wannan salon: a sayar maka da kujera kawai a farashin da zai ja hankalinka, sannan jaka da kuɗinta, zaɓen wurin zama da kuɗinsa, ruwan sha ma da kuɗinsa. A Amurka, a 2008 da gangar ɗanyen mai ta haura dala 100, American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan jakar farko, sauran manyan suka bi sahu. Mai ya sauko daga baya, kuɗin jaka bai sauko ba. Kamfanin Southwest da ya daɗe yana alfahari da cewa shi jaka kyauta ce a wurinsa, shi ma ya janye a watan Mayun 2025. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa in kamfani ya ɗanɗana kuɗin jaka, da wuya ya saki.

A Najeriya an daɗe ana bayar da kilo 20 ko 23 a cikin kuɗin tikiti, da 'yar jakar hannu da ba ta wuce kilo 6 ko 7 ba, har muka ɗauka haƙƙi ne. A 2021 Green Africa ya fara aiki a Legas da sunan jirgin masu ƙaramin ƙarfi, da tikiti hawa-hawa, kowane hawa da adadin kayan da ya ɗauka. (Ba a wurinsu abin Goggo ya faru ba, kada a ɗora musu.) Daga nan salon ya fara zama ruwan dare, kuma dalilin a fili yake. A farkon 2022 mafi ƙarancin tikiti ya koma naira 50,000. A watan Mayun shekarar ƙungiyar masu jirage ta AON ta yi barazanar ajiye aiki, ta ce litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Sai kuma aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Hayar jirgi, kayan gyara, inshora, babban sabis da ake kai jirgi waje, duk da dala ake biya, fasinja kuma da naira yake biya. Kamfani yana tsoron rubuta cikakken farashi a fuskar waya kada ka tsallake shi ka danna na maƙwabcinsa, sai ya rage lambar da ido ke fara gani, ragowar ya jira ka da ita a kan sikeli.

To, a nan zan faɗi abin da wasu abokaina ba sa son ji. Iyakance nauyi shi kansa ba zalunci ba ne. Ni a kara na tashi. Na ga abin da ke faruwa in aka yi wa tirela lodin ganganci daga Maigatari ko Potiskum: kafin a kai Jebba wani sa ya faɗi, 'yan uwansa sun tattake shi, sai yanka a bakin hanya. Ita tirela ma tana da inda za ta tsaya a gyara. Jirgi kuwa kafin ya tashi sai an lissafa nauyin mutane da na kaya da na mai, an kuma san inda za a ajiye kowanne don kada gaba ko baya ya rinjaya. Da yawa daga jiragen da ke zirga-zirga a cikin gida yanzu ƙanana ne, irin su Embraer 145 mai kujera 50, da CRJ900, da ATR 72 mai farfela, ɗakin kayansu ba wani girma gare shi ba. Ga zafi kuma: in rana ta take a Kano ko Sakkwato iska kan yi sako-sako, nauyin da jirgi zai iya tashi da shi ya ragu. Shi ya sa wani lokaci mutum zai sauka a ce masa jakarsa sai jirgi na gaba. Ko dokar da ta ce jaka ɗaya kada ta wuce kilo 32, don bayan masu ɗaukar kaya aka yi ta, kuma alhazanmu sun daɗe da sanin lambar nan. Haka lokacin da Ethiopian Airlines ya hana jakar Ghana-must-go a watan Nuwamban 2023, hujjarsa ita ce tana maƙalewa tana lalata bel ɗin da ke jan kaya. Mu a kara da ido muke kimanta sa, mu ce ido ba mudu ba amma ya san kima. A wurin jirgi na yarda a bar sikeli ya yi aikinsa.

Inda ban yarda ba shi ne a ce mana kuɗin ekses kuɗin mai ne kawai. Goggo duk jikinta ba ta kai kilo 50 ba. Mutumin da ke gabanmu a layi ya ninka ta, tikitinsu ɗaya, shi ko kwabo ba a ƙara masa ba. In da lissafin mai ne zalla, ai ita ce ma ke bin su canji. Sannan a yawancin kamfanonin da ke wannan tsari, in ka sayi ƙarin kilo a intanet kafin ranar tafiya ya fi sauƙi a kan ka biya a kanta. Kilo ɗaya ne, jirgi ɗaya ne, me ya bambanta su? Na kanta ya riga ya shiga hannu, jirgi na shirin tashi, ba shi da bakin ciniki.

A kara ma akwai kuɗaɗen da ke biyo bayan farashi: la'adar dillali, kuɗin shiga, kuɗin masu lodi. Amma duk wanda ya zo sayen sa ya san da su kafin a ce an sallama. Dillalin da ya ɓoye aibin dabba har mai saye ya kai ta gida, sau ɗaya zai yi, gobe babu mai tsayawa a turkensa. A kwatanta da tikitin da aka rubuta farashinsa da manyan lambobi, aka tura maganar kilo ƙasa cikin yaren da rabin masu saye ba sa karantawa. Ta fuskar doka sun faɗa. Ta fuskar ciniki irin wanda iyayenmu suka koya mana, ɓoye aibi ne.

Kuma mutanenmu ba don gayu suke hawa jirgi yanzu ba. Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ce, a sama awa ɗaya da rabi, a ƙasa yini da kwana in an yi sa'a. Bayan abin da ya faru a Uromi a watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida Sallah, gidaje da yawa sun ce tsofaffi da mata dai a lallaɓa a sa su a jirgi, ko da bashi ne. Irin waɗannan fasinjojin su ne ba su san tikiti yana da hawa-hawa ba, kuma su ne ke da kaya.

A wasu ƙasashen hukuma tana sa baki. Tun 2014 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa jakar hannu mai matsakaicin girma ba a karɓar kuɗi a kanta. A watan Nuwamban 2024 gwamnatin Sifaniya ta ci tarar kamfanoni biyar yuro miliyan 179, Ryanair ne ya kwashi kaso mafi tsoka, kuma kuɗin jakar hannu na cikin laifukan da aka lissafa. Kamfanonin sun garzaya kotu, amma ko ba komai an nuna musu akwai mai kallo. Mu nan muna da NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja da jami'ai a manyan filayen jirgi, ga kuma FCCPC. Ni ba na cewa su ƙayyade wa kamfani farashin kilo, don in aka matse nan za su huce a kan tikiti. Abin da nake nema ƙarami ne: a tilasta rubuta adadin kilo da farashin ƙarin kowane kilo a gefen kuɗin tikiti, da girman rubutu ɗaya, tun a shafin farko. A kuma kafa allo a wurin awo da Hausa da Yarbanci da Ibo da Burokin. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da shugabannin kara suna ganin manya a kan abubuwan da suka fi wannan nauyi, wannan takarda ɗaya ce.

Namu laifin kuma mu faɗa. Yaran da ke yanka wa mutane tikiti a Mile 12, Alaba Rago, Lokpanta da sauran wurare, yawancinsu lamba mafi ƙanƙanta suke dannawa don a ce sun iya. Na koma wurin namu na nuna masa. Mun zauna mun lissafa, sai ga shi bambancin tikitin Goggo da na sama da shi, mai ɗaukar kilo 23, bai kai abin da na biya a kanta ba, ga wulaƙanci a sama. Araha ba ta ado, in ji masu magana. Yanzu kafin ya danna komai sai ya tambaya, "Hajiya, kaya nawa ne?" Na sayo masa ɗan sikelin rataye irin na masu sayar da kaji, yana nan a ƙusa a shagon, duk mai tafiya ya kawo jakarsa a auna tun a unguwa. In mutum biyu ne a tikiti ɗaya su je kanta tare, sau da yawa akan haɗa musu kilonsu. Manja, man shanu, zuma da duk wani abu mai zuba kuwa, kada ma a wahalar da kai.

Su waɗannan hanyarsu daban, kuma mu 'yan kara mun fi kowa saninta. Tirelolin da suka sauke shanu a Oko-Oba ba a Legas suke kwana ba, Arewa suke komawa, ga kuma webil a tashoshin safa. Ragowar kayan Goggo wani direban Baba na ba, da lambar wayar ɗanta a jikin buhun. Matsalar kawai lokaci: motar ta tsaya neman lodi, ta kuma lalace a wajen Mokwa, kayan ba su isa ba sai kwana uku bayan Sallah. Atamfa da takalma lafiya lau, goron ne ya bushe.

Da za ta dawo ɗanta ya kira ni yana tambayar wane tikiti zai yanka. Na ce ya fara auna jakar. Ya kai ta wurin masu awon hatsi, kilo 26, suka zauna suka cire ƙullin daddawa biyu da garin kunu ta koma 22. Su ma suna hanya, an ba wani yaron mota da zai taso daga Wudil ranar Juma'a.