Idan Abu Ɗaya Ya Koma Biyu a Ido

A Horo Birni da sauran ƙauyukan Shagari da Bodinga, in dattijo ya wayi gari ido ɗaya ya karkace, yana ganin jikansa guda kamar biyu, wasu su ce iska ce, wasu su nufi kemis neman maganin ɗigawa. A ganina duka ɓata lokaci ne, domin sau da yawa idon lafiyarsa ƙalau, matsalar tana can cikin kai.

Tsokoki shida ke juya kowane ido, jijiyoyi uku kuma ke kawo musu umarni daga tushen ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka. Likitoci na kiran su da lamba: ta 3, ta 4 da ta 6. Ta 3 ce uwar ɗaki, ita ke tafiyar da tsokoki huɗu, ta ɗaga fatar ido, ta tsuke ƙwayarsa in haske ya yi yawa. Ta 4 na taimaka wa mutum ya dubi ƙasa, ta 6 kuwa ta ja ido gefen kunne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda aka ɗaure idanun kamar shanun huɗa a karkiya guda. In ka waiga dama, ta 6 za ta ja idon dama, nan take saƙo ya ƙetara cikin tushen ƙwaƙwalwa zuwa ta 3 ta hagu, ɗayan ya biyo. Cikin kunne ma yana aiko da nasa labarin, shi ya sa kake iya karanta wannan shafi ko kana girgiza kai.

Hawan jini da ciwon suga kan toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da waɗannan jijiyoyi. Sanƙarau, wanda ya addabi Sakkwato da Zamfara a 2017, yakan ƙara matsi cikin kai, sai ta 6 ta gaza, ido ya karkato wajen hanci. Mafi haɗari shi ne fatar ido ta faɗi, ƙwayar ta buɗe, ga matsanancin ciwon kai. Mai yiwuwa jijiyar jini ce ta kumbura ta danne ta 3, kuma tana iya fashewa. Wannan ba a kwana da shi a gida. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa. A gaya wa likita ranar da abin ya fara, da ko ganin bibbiyun yana gushewa in an rufe ido ɗaya.