Jarumin da Ke Tashi Sama, Me Zai Yi da Mota?

Duk wanda ya kalli fim ɗin Iron Man na shekarar 2008 ya san Tony Stark yana da sulken ƙarfe mai ɗaukarsa ya keta sararin samaniya kamar jirgin yaƙi. Amma duk da haka, in zai tafi walima, sai mu gan shi cikin Audi R8, motar Jamus wadda kuɗinta a lokacin ya haura dala dubu 100. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Da can ba haka abin yake ba. Motar Batman ta wasan talabijin na 1966 samfuri ce ta gwaji mai suna Lincoln Futura, wadda aka ƙera a Italiya a 1955. Wani maƙerin motoci, George Barris, ya saye ta dala ɗaya tak daga kamfanin Ford, ya sāke mata fasali cikin 'yan makonni. Kayan aikin jarumi ce, kamar takobi ga mayaƙi, babu kantin da za ka je ka sayi irinta. (A 2013 an yi gwanjonta a kan dala miliyan 4 da 'yan kai, amma wannan harkar masu tara kayan tarihi ce.)

Daga baya sai 'yan jari-hujja suka gane cewa allon silima ya fi kowace kasuwa cika. A Batman Begins na 2005 aka ɗora Bruce Wayne a kan Lamborghini Murciélago, sunan da ke nufin jemage a harshen Sifaniyanci, a 2012 kuma aka sauya masa Aventador. Hatta Black Panther na 2018, wanda da yawanmu muka yi alfahari da shi don ya nuna ƙasar Afirka da ta fi kowa fasaha, sai ga Sarki T'Challa maƙale a saman Lexus LC 500 ta Japan a titunan Busan. Mun biya kuɗin tikiti, an yi mana talla, mun kuma tafa.

Wani zai ce ai nishaɗi ne kawai, kuma kuɗin kamfanonin nan na rage wa masu fim nauyi. Mun yarda, kuma ba mu musun cewa motocin suna da kyau. Abin da ke damunmu shi ne darasin da ke biye da su. A hankali ana koya wa mai kallo cewa adalci da dukiya tagwaye ne, mai ceton talakawa dole ya kasance attajirin da ya gaji biliyoyi. A Justice League na 2017 ma an daina ɓoye-ɓoye: da aka tambayi Wayne mene ne ƙarfinsa na musamman, sai ya amsa cewa shi mai kuɗi ne, yana zaune cikin wata tsaleliyar Mercedes. A The Dark Knight na 2008 ya sa Lamborghini ɗinsa ta tare wata mota don ya ceci ran mutum, aka nuna mana wannan a matsayin sadaukarwa. Wace sadaukarwa ce ga wanda gobe zai aika a kawo masa wata?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, mu ne ake nufi da wannan saƙo. Ba don a sayar mana da motar ba, domin albashinmu na shekara da shekaru ba zai kai ko kusa ba. Sha'awar ce ake dasa mana, kuma sha'awar da albashi ba zai biya ba, mun san inda take kai hannun wanda aka ba amanar fayil da baitulmali.

Fim ɗaya ya ɗan faɗi gaskiya. A Doctor Strange na 2016, likitan fiɗa mai girman kai yana sharara gudu cikin Lamborghini Huracán da dare, idonsa na kan hotunan majinyata, ya faɗa kwazazzabo, hannayen da yake taƙama da su suka lalace. Sauran kuwa ko kunya babu. A Avengers: Endgame na 2019 Stark ya iso cikin Audi e-tron GT, mota mai aiki da lantarki wadda ba ta da injin fetur ko kaɗan, amma masu fim suka liƙa mata rurin inji don kada zuciyarmu ta ƙi bugawa.